Awa Ɗaya da Rabin da Ka Ce Tsakanin Kano da Ikko

Maruta, ta ƙasar Gwaram
Ranar Alhamis

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a gidan gwaggonka a Kano. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya tsare ka a cikin wannan abin da za ka shiga ranar Litinin, wanda ni ko sunansa ba na son kamawa. Ka gaishe da gwaggon taka da mutanen gidan gaba ɗaya.

Ka san ban iya rubutu ba. Malam Yakubu maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare, shi ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na gaya masa kada ya gyara mini magana, in na faɗa a karkace ya rubuta a karkace. Ya tambaye ni abin da ya hana in kira ka a waya. Na ce waya ba ta barin tsoho ya gama zance. Kafin in kai tsakiya za ka ce mini ba komai, ka yi dariyar nan taka, ni kuma raina ya ɓaci in kashe. Takarda ba ta katse mutum. Don haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake.

Ranar Asabar da ka zo yi mini sallama, ka zauna a zaure ka ce kamfanin da ya ɗauke ka aikin lantarki a Ikko ya saya maka tikitin jirgi. Ka fito da waya ka nuna mini wani zane, ɗigo biyu da layi a tsakani, ka ce kilomita ɗari takwas ne da ɗoriya ta sama. Sannan ka faɗi maganar da ta hana ni sakewa tun ranar: "Baba, awa ɗaya da rabi ne fa. In wani abu ya taso, kafin ka gama kalaci na iso." Na tashi na ɗauki lauje na tafi gonar riɗi, ban sa maka albarka ba, ban ma waiwaye ka ba. Na san kai da yayanka Sani kun ɗauka fushi ne don ka bar mu da aikin gona. Akwai fushin, ba zan ɓoye ba. Na biya maka makaranta da buhun gero don ka zama mutum a kusa da ni, ba a bakin teku ba. Amma abin da ya tashe ni daga zauren nan ba fushi ba ne. Tsoro ne. Kuma ban saba jin tsoro a gaban 'ya'yana ba, shi ya sa na fita.

Jirgin kansa ina tsoronsa, wannan kam gaskiya ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina raka shanu kudu a saman babbar mota. A kan katakon da ake gittawa bisa shanun muke zama, da sanda a hannu, in saniya ta faɗi ka dira cikinsu ka ja wutsiya ka tashe ta kafin 'yan uwanta su tattake ta. Aikin haɗari ne, na ga wanda ƙaho ya farke wa ciki. Amma ko a can, in abu ya ɓaci, bugun kan mota kake yi direba ya tsaya. Akwai gefen hanya. Akwai bakanike a gari na gaba, ko da mugun bakanike ne. To a sama wa za ka buga wa? Ina gefen da za a tsaya? Malam Yakubu ya je Makka sau ɗaya, tun daga nan ba mu huta ba, ya ce mini jirgi ya fi mota aminci nesa ba kusa ba. Na ce masa wanda ya mutu a mota ana samun abin da za a wanke. Ya ce in bar irin wannan magana. Na ce rubuta.

Tunda ka riga ka ƙudurta, ga abin da nake so. Ka shiga da alwala. Ka yi addu'ar hawa abin hawa tun kafin ka taka matakalar, kada ka ji kunyar 'yan boko masu kwat. Kowa ya ba ka kaya ka riƙe masa, ko tsohuwa ce mai carbi, ka ce a'a. Kada ka zauna jikin taga kana leƙen ƙasa, ba abin da ka ajiye a can. In ya fara girgiza, Malam Yakubu ya ce yana yi, ka riƙe kalmar shahada a bakinka har ya daina.

Amma ba don wannan na tara maka takarda ba. Awa ɗaya da rabin nan ita ce damuwata, domin na taɓa yin irin wannan lissafin, kuma har yau ina cikin abin da ya jawo mini.

Kun taso kun tarar da katanga a tsakiyar gidanmu, mu a gabas, ƙanena Haruna, Baffanku, a yamma. Kun tarar ba ma magana. An gaya muku rigimar gado ce. Ba ita ba ce, ita daga baya ta zo. Na kuma san kai da Sani kuna zagayawa ta bayan rumbu kuna gaishe shi tun kuna ƙanana, kada ka ɗauka ban gani ba.

Shekara talatin da wani abu ke nan, Sani yana goye, kai ba a ma yi zancenka ba. Damina ta kankama, mahaifinmu ya ce in zauna a gama noma na biyu kafin in bi shanu. Na ce an riga an yi lodi a kasuwar Wudil, ba zan bar rabona ba. Ya ce jikinsa ba ya masa daɗi kwanan nan. Na ce, "Baba, Ikkon nan fa kwana biyu ce." Ka ji? Kusan maganarka ce, ma'aunin ne kawai ya bambanta. Na san hanyar kamar tsakar gidanmu, Zariya, Kaduna, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Badun, har zango. Na bi ta sau da yawa har na raina ta. Ya ce to in tafi. Na fita ban durƙusa na nemi gafararsa ba, don ina jin haushin ya hana ni a gaban Haruna. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe da shi a duniya.

Saboda haka kada ka taɓa fita daga gidan da ke da tsoho ba ka nemi gafara ba, ko da kasuwar Gwaram za ka je. Kai ka nema ranar Asabar, ni na hana. Wannan laifina ne, ba naka ba.

Ina zango a Ikko, mun sayar da shanu, sai wani direba ɗan Birnin Kudu ya neme ni ya ce Haruna ya ba shi saƙo: Baba na kwance, in taho. A lokacin ba waya a aljihun kowa, saƙo a bakin direbobi yake yawo, kuma wannan ya kwana uku a hanya kafin ya same ni. Ka san abin da ya fara zuwa raina? Ba ciwon Baba ba. Cewa na yi, wato yanzu Haruna ne zai aiko in taho, kamar ni ne ƙanen. Na tambayi direban ko jikin ya yi tsanani, ya ce an ce da sauƙi. Ai kullum haka ake cewa. Mu ba ma faɗa wa na nesa gaskiyar ciwo, kowa ya san haka, ni ma na sani, amma na karɓa don ta yi mini daɗi. Direban zai juya arewa a ranar, ya ce in hau mu tafi. Na ƙi. Akwai wani direba abokina da zai tashi ranar Litinin, yana sa ni a gaba kusa da shi, kuma yana da gudu. Ba na son zaman baya a kan buhunan goro. Na ce wa ɗan saƙon ya gaya musu ranar Laraba ina gida. Ko in sha Allahu ban ce ba. Na lissafa: Litinin, Talata, Laraba da hantsi ina Maruta.

Ka riƙe wannan. Ranar da Sani ya kira ka ya ce ba ni da lafiya, kada ka tambaye shi ko da sauƙi. Zai ce da sauƙi, haka na koya masa, haka aka koya mini. Sani ba mai kiran mutum a kan zazzaɓi ba ne. In ya kira, ka ajiye abin da ke hannunka. Kuma abin hawan da ka fara samu shi za ka hau, kada ka jira wanda ya fi daɗi.

Mun tashi Litinin ɗin. Bayan mun wuce Mokwa wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar, a dajin da ba kowa sai masu sayar da doya. Sai da aka koma gari aka nemo wani, aka kawo bai yi daidai ba, aka sake komawa. Laraba ta same ni a zaune a gindin bishiya ina korar ƙuda. Ban shiga Kano ba sai yammacin Alhamis, motocin gabas duk sun tashi. Juma'a da sassafe na hau ta Birnin Kudu, muka wuce Wudil, muka wuce Kwanar Huguma, da hantsi ina tashar Birnin Kudu. A raina na riga na iso. Me ya rage? Gwaram ce, sai ɗan tattaki zuwa gida.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa kowa ba, har marigayiya mahaifiyarku ta koma ga Allah ba ta sani ba. Malam Yakubu ya ajiye biro yana kallona, na ce ya ɗauka.

Motar Gwaram ta kusa cika, saura mutum biyu. Direban ya ga ina ta leƙe ina tsaki, ya ce in ina sauri in biya kujera biyun mu tashi yanzu. Kuɗin shanu na ɗaure a ƙuguna, abin da ya nema bai kai kuɗin tuwon kwana biyu a Ikko ba. Na ce masa ni ɗan tasha ne, ba a yi mini wannan wayon, in ya ga dama ya kwana a nan. Na koma inuwa na sayi rake ina sha, don ya ga ban damu ba. Mun fi awa guda a wurin kafin wata mata da ɗanta su zo.

Daga Gwaram na taka da ƙafa. Ina gab da shiga gari, wajen tsamiyar nan da aka sare bara, na hango mutane suna tahowa daga gabas, ta hanyar maƙabarta. Na ga fartanyu a kafaɗa. Na ga butoci. Na ga mutum biyu ɗauke da makara ba kowa a ciki, an naɗe tabarmar an ɗora a kai. Har yanzu in na rufe ido ita nake gani, yadda take lilo don ba nauyi. Haruna na tsakiyarsu, taɓo har gwiwa. Shi ya shiga kabarin ya karɓi Baba. Wurina ne wannan, ni ne babba.

Baba ya cika da asuba. Liman ya ce a gaggauta kafin lokacin masallacin Juma'a, kamar yadda ake yi wa kowa. Haruna ya miƙo mini hannu yana kuka. Ban karɓa ba. Na ce, "Ba ka iya jira ba?" Ya ce, "Yaya, Laraba ka ce. Yau Juma'a." A gaban mutanen gari ya faɗa, kuma gaskiya ce, shi ya sa ta yi mini zafi. Na wuce su na tafi kabarin ni kaɗai. Ƙasar ba ta ko sha iska ba, sawun ƙafafunsu na nan a jiƙe.

A zaman makoki na sa aka shimfiɗa mini tabarmata daban. Bayan sadakar arba'in na kira magini. Duk wanda ya zo sulhu, har da limamin da dagaci, abu ɗaya nake gaya masa: awa ɗaya kacal da Haruna ya jira da na ga fuskar ubana. Na maimaita har na yarda da kaina. Ban taɓa gaya musu inda awar ta tafi ba. Tana tashar Birnin Kudu, na shanye ta da rake.

In ka samu mota saura kujera biyu, ka biya. In saura biyar ne ka biya. Duk wanda zai ce an yi maka wayo ya faɗa.

Yanzu ga abin da na hana Sani gaya maka. Sati uku da suka wuce na faɗi a gonar riɗi. Ina tsaye ne kawai, sai na ga ƙasa ta taso ta same ni. Sani ya ɗauke ni a mashin zuwa Gwaram, suka auna, suka ce jinina ya hau sosai, suka haɗa ni da ƙwayoyi, wai in bar gishiri in bar shiga rana. Manomi ya bar shiga rana. Hannuna na hagu har yau bai dawo daidai ba, ranar da ka zo a cikin riga na ɓoye shi, kai kuma kana ta kallon wayarka ba ka lura ba. Ba na cewa gobe zan mutu, wannan sanin na Allah ne. Amma Babanmu ma da haka ya fara.

To da ka tafi na sa Malam Yakubu ya zauna muka yi lissafin awa ɗaya da rabin taka, shi da saninsa na jirgi, ni da sanina na hanya. Ni ban iya agogo sosai ba, da salla nake auna rana. A ce na cika da asuba, kamar Baba. Sani ya kira ka. Ka nemi izini a wurin aiki, wurin mutanen da ba su san ni ba. Ka nemi kujera, Malam Yakubu ya ce jirgi ba motar tasha ba ce da za ka je ka tarar tana lodi, wata rana akwai wuri, wata rana babu, kuma na gaggawa ya fi tsada. A ce ka samu. Ka ratsa cunkoson Ikko, wanda na sani tun kafin a haife ka, kuma an ce yanzu ya ninka. Ya ce sai ka isa filin tun da sauran lokaci mai yawa, a bincike ka, ka zauna. Ya ce wani lokaci a ce azahar za a tashi, sai la'asar, ba kuma wanda zai ba ka haƙuri. A ce dai an tashi da azahar. Ga awa ɗaya da rabinka nan, na ba ka ita, ban rage komai ba. Ka sauka Kano. Daga filin jirgi zuwa tasha. A jira mota ta cika. Wudil. Birnin Kudu da magariba in an yi sa'a. Motar Gwaram in akwai saura. Sannan ɗan acaɓan da zai yarda ya shigo Maruta, in damina ce kuma ka san yadda hanyar take.

Ni kuwa tun hantsi an mayar da ƙasa.

Ka gani? Daga Kano zuwa ƙofar gidanmu ya fi daga Ikko zuwa Kano daɗewa. Wanda ya zana maka layin nan a waya bai san da Maruta ba. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, mutumin da ya yarda gida na kusa ba ya zuwa gida. Lokacin da nake ganin Ikko ƙarshen duniya ce, duk dawowa sai na zauna wata guda. Da na mayar da ita kwana biyu, sai na riƙa cewa sati mai zuwa. Kai da aka ce maka awa ɗaya da rabi, ban san me za ka riƙa cewa ba.

Da muka gama lissafin na yi wani kuskuren, sabo fil, na wannan satin. Ranar Litinin bayan la'asar na kira Sani zaure. Na ce masa in na mutu kada wanda ya taɓa makarata sai Hamisu ya iso, ko kwana za a yi, ko liman ya ce me. Na ce duk wanda ya binne ni ba ka nan ban yafe masa ba duniya da lahira. Ka san Sani, ba ya musu da ni, ko a kan abin da ya fi ni sani. Ya hau murza bakin tabarma. Can ya ce, "Baba, in na jira na saɓa wa abin da addini ya ce. In ban jira ba na saɓa maka. Ko ta ina dai ni ne Baffa Haruna."

Na kore shi. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, tunda ya fara yi mini wa'azi. Ya tashi. Amma maganar ba ta tashi ba. Kwana uku ina juya ta. Na ga Sani da taɓo har gwiwa. Na gan ka da jakarka a kafaɗa kana shigowa ta wajen kututturen tsamiya. Na ga wani magini yana auna tsakar gidan da na sha wuya na rufa muku da kwano. 'Ya'yan Sani suna zagayawa ta bayan rumbu don su gaishe ka. Ban taɓa tsayawa na duba abin daga inda Haruna yake tsaye ba sai da ɗana ya tsaya a wurin. Haruna yana da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, gawar ubansa a gabansa, liman na jira, gari na jira, yayansa ya ce Laraba kuma ga Juma'a.

Kada ka ɗauka na ce Haruna ya yi daidai a komai. Maganar iyakar gonar fadama tana nan, ya shigo mini gona ya ci kunya uku, kowa ya sani. Kuma da ya aiko saƙon da ladabi da wataƙila na taho da wuri. Malam Yakubu ya ce wannan ba gaskiya ba ce, kuma tunda katanga ɗaya ce tsakani in tashi in zagaya mana. Na ce masa rubutu na kira shi ya yi.

Ga abin da na yanke, kuma yau da safe na faɗa wa Sani a gaban liman don kada a samu mai musu daga baya. Na janye maganar ranar Litinin. In na cika, kada a jira ka. A wanke ni, a sallace ni, a kai ni a kan lokaci kamar kowane Musulmi. Sani ne zai shiga ya karɓe ni. In Haruna ya zo, kada a hana shi kama makara. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni, kuma ban ji daɗin faɗa ba. Ina son ka a wurin, Hamisu. Ina son hannunka a cikin masu zuba ƙasa. Tun ranar da aka haife ka nake ganin haka za a yi. Amma na gwammace in shiga kabari ba ka nan da in bar muku abin da ni da Haruna muke ciki.

Kai kuma ga naka. In ka iso ka tarar an dawo, wanda za ka fara nema Sani ne. Ka miƙa masa hannu kafin ya miƙo. Kada ka tambaye shi ƙarfe nawa aka yi, kada ka lissafa inda ka makara da inda ya yi sauri, lissafin nan ba ya ƙarewa. Ka ce masa sannu da ƙoƙari. Ku zauna a tabarma ɗaya ku karɓi gaisuwa. Bayan nan ya raka ka ya nuna maka wurin, ka yi mini addu'a, za ta same ni ko ƙasar ta bushe.

Kuma kada ka ajiye jirgin nan don ranar mutuwata, ba zai yi maka amfani ba a ranar. Ka hau shi ina da rai. In sun ba ka hutu ka zo, ko na kwana uku ne, ko ba salla ba ko ba biki. Ka zo ka tarar da ni a zaure ina faɗa, ka zauna in yi maka faɗan. Kada ka sa mini rana, kada ka ce Laraba. Ka ce in sha Allahu, sannan ka taho.

Abin da na hana ka ranar Asabar ga shi. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Kai ma ka yafe mini fitar da na yi na bar ka a zaune. Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta da ruwa da mugun abokin tafiya. Allah ya riƙe abin nan a sama har ya ajiye ku a hankali, kai da duk wanda ke ciki, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Da kun sauka ka kira wayar Sani, kafin ka nemi jakarka, kafin komai. Ranar Litinin ba zan iya zaman gida ba, zan fita bakin gona tun hantsi. Malam Yakubu ya ce jirgin Ikko ba ya bi ta kanmu, yamma yake yi, ba abin da zan gani. Na ji. Zan dai fita.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba